Birame Gey da Kifin Hannu

Faɗan da na yi da Birame Gey a kan kifi biyu ne, kuma ba wasu manya ba. Jirgin Ablay ne ya shigo da hantsi. Na tsoma ƙafa a ruwa har gwiwa tare da sauran tsofaffi, muka sa kafaɗa muka turo shi bisa gungume har ya hau rairayi. Ablay ya ɗauko jan kifi biyu ya jefa mini a roba, kamar yadda ubansa ya saba yi wa uwata. Ban kai ga ɗaga robar ba sai na ga inuwa a kaina. Birame ne, da sandarsa da hular ulun nan tasa da ba ya cirewa ko da rana tana narka mutum. Ya sunkuya ya kama kifin ta wutsiya, ya kai su ya ɗora a akwati na uku, akwatin ya cika daidai baki. Sannan ya ce wa Ablay in yana so ya ba ni, to ya ciro daga nan ya ba ni.

Ablay ya dubi akwatin, ya dubi dillali da ke tsaye yana jira, ya sosa ƙeya. Dillali ba ya sayen akwatin da bai cika ba. Sai ya ce mini, "Inna, gobe in Allah ya kai mu."

Mu 'yan Sek da 'yan Gey abokan wasa ne tun kakanni. Ina iya kiran Birame bawana ko acici a gaban liman, ba shi da ikon ɓata rai. Shi ya sa da na buɗe baki mutane suka fara dariya, sun ɗauka abin da muka saba ne.

"Gey, yau cikin naka har ya kai ga robar gwauruwa? Shinkafar gidanku ce ta ƙare?"

"Ba ni ba ne, Sek. Doka ce, da bakin kowa aka yi ta."

"Da bakin wa? Ni ga nawa bakin, wa ya zo ya tambaye shi?"

Ya ce masu jirgi aka tambaya. Daga nan dariyar ta tsaya, don na faɗa masa abin da wasa bai ƙunsa ba. Na tuna masa ranar da teku ta ci mijina, shi ne da kansa ya kawo mini wandon ruwansa ya ce muddin yana numfashi tukunyata ba za ta kwana a kife ba. Na ce ashe numfashin nasa gajere ne. Na zagi sandarsa, na zagi hularsa, na ce uwarsa da ta yi goyonsa da kifin hannu ta yi asarar zani. Ya tsaya har na gaji, ya wuce jirgi na gaba ya ci gaba da ƙirga.

Ba zan yi masa ƙarya ba don ya mutu. Tare muka tashi a unguwa ɗaya, na san shi tun yana tsirara yana bin ƙaguwa a bakin ruwa. A zamaninsa babu mai ƙugiya irinsa. Yana sa igiya a ɗan yatsa ya gaya maka ko cof, kifin nan mai tsada, ne ke wasa da ita ko wani ɗan iskan kifi. Ba ya rantsuwa, ba ya ƙara gishiri a labari, abin da ya sa hira da shi ba ta da daɗi ke nan. Matarsa Kodu takan ce ta auri ma'auni ne ba miji ba, in ta zuba wa yaro nama ya fi na ɗan'uwansa sai ya sa cokali ya daidaita.

Dokar akwati uku daga kansa ta fito, shekarar da darajar kuɗin sefa ta karye. Kafin nan dillalan motocin ƙanƙara sun mai da mazanmu bayi. Ranar da teku ta yi kyauta, kowa ya cika jirgi, sai su harɗe hannu su jingina da mota suna shan shayi har rana ta fara taɓa kifin, sannan su faɗi abin da suka ga dama. Na ga jan kifi yana ruɓewa a rairayi, karnuka ma sun ƙoshi sun bari. Birame ya tara masu jirgi a ƙarƙashin babbar rumfa ya ce kowane jirgin ƙugiya ya tsaya a akwati uku a yini, ko na mai kuɗi ko na talaka. In kifi ya yi kaɗan a rairayi, dillali ne zai bi masunci. Aka yi Fatiha, aka shafa. Aka ce wa zai tsaya ya ƙirga? Babu wanda ya ko waiwayi wani, shi aka miƙa wa sanda.

Kuma abin ya yi aiki, wannan ma ba zan ɓoye ba. Na ga dillali da takalminsa mai tsada yana shiga ruwa yana kiran masunci yaya. Gidaje suka sa kwano, mata suka fanso 'yan kunnensu. Har waƙa aka yi wa Birame a gidan suna, ni ma na taka.

Abin da ya ɓata lamarin shi ne kifin hannu. Tun da aka kafa garin nan, duk wanda ya sa hannu aka turo jirgi yana da rabonsa kafin a zuba komai a akwati. Tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, matar da teku ta cinye wa miji, gurgu, kowa. Ba sadaka ba ce, shi ya sa muke jiƙa zani. Ko da ɗan yatsa ka taɓa jirgin, ka yi aiki, an biya ka, ka tafi gida da kanka a sama. Da shi na ciyar da jikokina uku bayan uwarsu ta rasu. Abin da muka ci muka ci, abin da ya saura na yi banda na sayar.

To ka san ɗan Adam. Wasu suka gane cewa kifin hannu ba ya shiga ƙirga. Sai mutum ya kamo na akwati biyar, ya aika gida a turo masa ƙanne da surukai da 'ya'yan maƙwabta, kowa ya dafa jirgi, kowa a cika masa roba, su zagaya bayan motoci su sayar su kawo masa kuɗin. Na ga ƙato mai wuya kamar na sa yana ɗingishin ƙarya da roba a kai. Kowa ya san su, ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Da mai hankali ne sai ya kama su ɗaya bayan ɗaya ya kunyata su a rumfa. Birame kuwa ya ce shi ba zai zauna yana tantance wane ne tsoho na gaskiya wane ne na ƙarya ba, don nan son kai yake shigowa. Duk abin da ya fito daga cikin jirgi, na ci ne ko na kyauta, cikin ukun nan yake. Masu jirgi suka ɗaga hannu suka amince. Washegarin wannan taro ne ya ɗauke mini kifina.

Shi a ganinsa bai hana kowa bayarwa ba. Amma akwati ukun nan an riga an cire na mai, an cire rabon inji, an cire rabon jirgi, sannan mazan da suka fita su raba saura. Wa zai huda akwatinsa don tsohuwa? Da farko ana ɗan jefa mana ƙanana a ɓoye in ya juya baya. Daga baya aka koyi kallon wani wuri. Ka tura jirgi da mutum har numfashinka ya sarƙe, ya ce Allah ya yi albarka, Inna. Na ce wa wani albarka ba ta dahuwa a tukunya.

In ka ce mugunta ce ta sa shi, ka yi masa ƙazafi. 'Ya'yansa maza huɗu ne a jirgi ɗaya, uku da mata da yara. Wata rana suka faɗa kan garken kifi, zuciya ta ɗebe su, suka zo da abin da ya haura. A gaban kowa ya ci jirginsa tara, ya hana shi fita, ya sa aka ja shi can saman rairayi inda kowa zai gani. Kodu ta yi kwanaki ba ta ce masa ci kanka ba. Da na je yi mata jaje sai ta nuna mini bakunan da ke zagaye da kwano ta ce in ƙirga mata su, tunda maigidan jirage kawai ya iya ƙirgawa.

Alhaji Masamba shi ne ya fi kowa fahimtar dokar. Bai taɓa karya ta ba, ko sau ɗaya. Mutum ne mai fara'a, yana gaishe ka tun daga nesa, ya tambayi ƙafarka ya tambayi jikoki. Yana da manyan jirage biyu masu inji mai ƙarfi. Sai muka ga ya fara bin gidaje yana sayen tsofaffin jiragen da kaji ke ƙwai a cikinsu. Ya sa aka toshe ramukan da kwalta, aka shafa fenti, aka rubuta sunayen shehunai a jiki. Kowanne ya sa masa mutum ɗaya da matuƙi. Su fita su tsaya bayan inda igiyar ruwa ke karyewa, muna hangen su daga inda muke banda, suna zaune suna kwashe ruwa da gwangwani kar su nutse. Babban jirgi ya dawo daga nesa a cike, ya zuba wa kowa nasa uku, su biyo shi a jere kamar agwagwa da 'ya'yanta.

Ranar farko duk rairayi ya taru a ga abin da Birame zai yi. Ya zagaya ɗaya daga cikin ruɓaɓɓun nan, ya ƙwanƙwasa shi da sanda. Ya tambayi mutumin ciki ko jirgin ya shiga ruwa yau, ya ce ya shiga. Ya tambaye shi ko da kifi ya fito, ya ce ga shi. Sannan Birame ya ce jirgi ne, doka ba ta ce sabo ko tsoho ba, ya ƙirga uku ya wuce.

Na tare shi a hanyar masallaci na ce, "Bawana, wancan akurkin kajin yana da rabo, ni da na haifi mutane ba ni da shi?" Ya ce in aka fara sassauta doka don fuskar wani, gobe babu doka, dillalai za su dawo su hau kanmu. Na ce to ai sun dawo, sai dai wannan karon da carbi. Na tambaye shi manyan jiragen ƙarfen nan na baƙi da muke ganin fitilunsu suna share teku har ƙasa, su akwati nawa ya yanka musu. Ya ce sandarsa ba ta kai can ba. Na ce na lura, iyakarta robata.

Bayan wasu shekaru mutanen birni suka zo da motoci da farar takarda, suka yaba, suka ce garinmu abin koyi ne. Suka bi jirage suka buga wa kowanne lamba, suka ce daga yau ba a ƙara sabuwa, don teku ta huta. Aka ɗauki hoton Birame da sandarsa. Daga ranar ruɓaɓɓen katako mai lamba ya fi saurayi mai ƙarfi daraja. Yaron da ya tashi ba shi da gadon jirgi, sai dai ya je ya yi wa mai lamba aiki. Kuma lambobi da yawa sun riga sun kwana a gida ɗaya.

Gidan Birame ya watse a hankali, ba da hayaniya ba. Babban ɗansa ya ce ba zai tsufa yana raba akwati uku da 'yan'uwa ba, ya kwashi iyalinsa ya yi arewa, can Nuwadibu. Biyu suka koma jiragen Alhaji Masamba. Ɗayansu ma cikin masu zaman kwashe ruwa da gwangwani aka sa shi, ɗan mutumin da ya fi kowa iya ƙugiya. Injin jirgin Birame ya mutu. Sai ciwo ya kwantar da Kodu, aka yi ta kai ta asibiti ana dawowa. Mai sayen jirgi a garin mutum ɗaya ne. Alhaji ya zo har gida, ya zauna a tabarma, ya yi addu'a mai tsawo, ya saya da daraja, ba a ce ya cuce shi ba. Kodu ba ta tashi ba duk da haka. Da jirgin ya tafi, sanda ma ta tafi, don a dokarsu mai ƙirga dole ya zama mai jirgi. Shi ya kawo wannan ma, wai don kar a ba wanda ba abin da zai rasa.

Ni a lokacin na daɗe da daina shiga ruwa. Na koma yi wa wata yarinya aikin banda, ina feɗe ƙananan kifin nan yaboi ina jera mata a wuta, hayaƙi ya cinye mini ido ɗaya. Amma tsoho Njaga bai daina ba. Shi ya koya wa rabin mazan rairayin nan ɗaurin ƙugiya, har da Birame. Idonsa ya tafi, ba shi da ɗa a raye. Kullum da hantsi zai laluba ya zo, ya ji inda ake ihun turi, ya je ya dafa jirgi da tafinsa, ya tsaya. A ce masa gobe, Baba. Ya ce Allah ya kai mu, ya laluba na gaba. Bai taɓa miƙa hannu ya ce a ba shi don Allah ba, ya ce shi ma'aikaci ne. In maƙwabta sun aika masa da kwano sai ya mayar ya ce ya riga ya ci. Mu ma da muke aikawa ba wani abin kirki ne a ciki ba. Da ya daina zuwa, sai da aka ɗauki lokaci kafin wani ya lura.

Birame ne ya yi masa wankan gawa. Waɗanda suka riƙe masa buta sun ce da ya yaye zanen ya ga abin da ya rage na mutumin, sai ya zauna a ƙasa, sai da liman ya yi masa magana sannan ya tashi ya ƙarasa. A ɗakin an tarar da 'yar tukunya da gayan shinkafa, ko man da za a ce ya taɓa ta babu. Wannan a garin da motoci ke fita da kifi kullum.

Da taron masu jirgi ya zagayo, Birame ya sa babbar rigarsa ya tafi rumfa. Labari ya riga ya bazu cewa zai nemi a fitar da kifin hannu daga ƙirga, a mayar da shi yadda yake. Mu mata muka bar wuta muka je muka tsaya a bayan rumfa, da tsofaffin da suka saura. Har na ji zuciyata ta ɗan yi sanyi a kansa. Ya miƙe ya yi sallama, ya fara da sunan Njaga.

Alhaji Masamba ne ke shugabanta. Bai ɗaga murya ba. Ya ce Baba Birame uba ne ga kowa a nan, babu wanda ya kai shi sanin dokar rumfar nan, tunda daga bakinsa aka ji ta. Saboda haka yana neman ya tuna wa yara, wa ke da ikon magana a taro.

Birame ya ce, "Mai jirgi."

"To da lambar wane jirgi Baba zai yi magana?"

Na dubi Ablay, na dubi sauran da Birame ya fitar da su daga hannun dillalai. Ko mutum ɗaya bai ce na ara masa tawa ba. Kowa ya sami abin kallo a tsakanin ƙafafunsa. Kuma ko an bar shi ya yi maganar, a rumfar nan hannu ɗaya jirgi ɗaya ne, in Alhaji ya ɗaga nasa an ƙirga goma sha wani abu. Ni na yi zaton zai yi gardama, ya ce shi ya kafa rumfar, ya buga ƙasa. Da ni ce da sai an fitar da ni a ɗauke. Shi sai ya ce gaskiya ne, haka dokar take. Ya nemi takalmansa ya fita. Aka ci gaba da maganar kuɗin mai.

Birame bai kai babbar salla ba. Ban je duba shi da ya kwanta ba, ƙafata ta hana ni, zuciyata ma ba ta matsa mini ba. Ganina da shi na ƙarshe shi ne yammacin ranar taron. Ya zo wurin banda, wurin da maza ba sa zuwa, ya zauna a kan kifaffen kwando cikin hayaƙi da babbar rigarsa. Na ce acici ya biyo ƙamshi, babu na bayarwa, kifin mutane ne. Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon hannuwana ina feɗe yaboi.

Can ya ce, "Ngone, ke ba kya rufa wa kowa. Shekarun nan duka da na riƙe sanda, kin taɓa jin an ce na ci kifin wani? Ko ɗaya? Na taɓa fifita nawa a kan na wani?"

Na ga abin da yake so. Yana so in ce a'a, ya ɗauki a'ar nan ya tafi da ita gida ya yi matashi da ita. Na ajiye wuƙa na juyo masa da idon da ke gani.

"Ba ka taɓa ba, Gey. Da ma ka ci. Da ɓarawo ne kai, da tun shekarar farko mun taru mun karya sandar a bayanka, kowa ya koma ya ci abinci. Amma kai ne, sai muka yarda."